Jirgin Maraɗi: Wa Zai Zama Madugu?

Tun ranar 9 ga watan Fabrairu na 2021, sa'ad da shugaban Najeriya na lokacin, Muhammadu Buhari, ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, zancen jirgin ƙasa bai fita daga bakin mutanen jihar Maraɗi ba. An ji tsawon hanyar, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. An ji kuɗin aikin, kusan dalar Amurka miliyar 2. An ji sunan kamfanin da aka ba kwangila, Mota-Engil na ƙasar Fotugal. An yi gardama a majalisu a kan wanda zai fi cin moriya, ɗan kasuwar Kano ko alhajin Maraɗi, an kuma yi ƙorafi da shekarar 2023 da aka yi alkawari ta zo ta wuce ba a ga ƙeyar jirgi ba. Abu guda ne da wuya a ji wani mai faɗa a ji ya tsaya a kansa: su wane ne za su riƙe jirgin nan idan ya fara tafiya, mene ne aikin kowane ɗayansu, kuma wa zai sa musu ido?

Shirun nan babban sakaci ne. Ƙarfe da siminti da gadoji kuɗi ke sayen su, kuma ɗan kwangila in ya gama zai naɗe tabarmarsa ya koma garinsu. Amma mutumin da zai tsaya a cikin tarago da tsakar dare, tsakanin Katsina da Ɗan Isa, ya yanke hukuncin a tsayar da jirgi ko a ci gaba, shi ba a sayo shi a kasuwa. Renonsa ake yi shekara da shekaru. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin jirgi ya yi kukan farko a Maraɗi ya kamata a sami doka rubutacciya da ta raba wa ma'aikatansa aiki, ta faɗi wanda ke sama da wani, ta kafa mai binciken da ba ya jin tsoron kowa, kuma a rubuta ta da harshen da fasinja ke ji. In ba a yi haka ba, al'adar tashar mota ce za ta shiga jirgi ta zauna, kuma fitar da ita sai an yi asarar rayuka.

Ƙasar da ba ta gaji dogo ba

Dalilin tsoro a fili yake. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Gujiyar Maraɗi ta daɗe tana bin motoci zuwa Kano don ta hau jirgi, amma jirgin bai taɓa ƙetaro iyaka ba. A 1959 Nijar da Dahome suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta jiragen ƙasa, wadda daga baya aka sani da OCBN, sai dai layinta ya tsaya a Paraku, kilomita 438 daga Kwatanu, bai taka ƙasar Nijar ba ko da taƙi guda. A watan Afrilu na 2014 aka yi bikin buɗe tashar jirgi a Yamai, a watan Janairu na 2016 aka yi bikin layin Yamai zuwa Doso, mai tsawon kimanin kilomita 140, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa. An yi kiɗa, an yi jawabi, an ɗauki hoto, daga nan shari'a da rikicin kwangila suka biyo baya, layin bai yi jigilar fasinja ta yau da kullum ba.

Ma'anar wannan ita ce babu gidan da ya gaji aikin reluwe a Agye ko Gazawa ko Gidan Runji, yadda ake samu a Zariya ko Kafancan ko Ciyas ta Senegal, inda kaka ya yi, uba ya yi, ɗa ya tashi ya san abin da jar tuta ke nufi tun bai shiga lakwal ba. Wanda bai gaji sana'a ba, in ya same ta, da abin da ya saba yake auna ta. Abin da mutanen waɗannan gundumomi suka saba da shi kuwa shi ne babbar hanya mai lamba 1, wadda ta ratsa Gidan Runji, ta bi ta Cadawa da Agye da Gazawa ta nufi Tasawa da Damagaram, da tashoshin motar da ke bakinta.

Dogon ba zai bi ta cikin waɗannan gundumomi uku ba, amma mutanensu ne za su cika taragai. Manomin aya na Cadawa da mai riɗi da wake na Gazawa, ɗan ci-rani daga ƙauyukan Agye, tsohuwar Tsibiri da za ta ga likitan ido a Kano, almajirin da za a kai makaranta, amaryar da aka kai Katsina: waɗannan su ne fasinjan jirgin Maraɗi. Yawancinsu ba su taɓa shiga jirgi ba, da yawansu ba su karanta boko, kuma sun saba in an cuce su a hanya su bar wa Allah. Mai kuɗi yana da motarsa. Duk wata ɓaraka da za a samu cikin tsarin ma'aikata, a kan talakan nan za ta faɗa.

Abin da tasha ta koyar

Ba a raina tashar mota ba, don ita ta ɗauki ƙasar nan a bayanta tun kafin samun ƴancin kai, kuma kamfanonin manyan motocin fasinja sun kawo gyara: tikiti mai lambar kujera, da lokacin tashi da ake ƙoƙarin kiyayewa. Amma kowa ya san dokar da ba a rubuta ba. Direba shi ne sarki, shi ne alƙali, shi ne makaniki. Karen mota ba shi da ta cewa ko da ya ga taya ta sude. Ɗan kamasho ribarsa tana cikin yawan kai, saboda haka kujerar mutum uku ta zama ta huɗu. In babban mutum ya makara, a jira shi. In talaka ya sauka kama ruwa, a tafi a bar shi. In an iso shinge, a san yadda aka yi. In hatsari ya auku, a ce kwana ya ƙare.

Mota takan jure wa wannan hali har wani lokaci, domin direbanta yana ganin fasinjansa a madubi, yana jin ihunsu, yana iya kaucewa rami. Jirgi ba haka yake ba. Direbansa ba shi da sitiyari, ba ya kaucewa komai. Gudu da birki kawai ke hannunsa, kuma in yana cikin gudu sai ya yi ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya. Yana zaune a kan jirgi, nesa da tarago na goma, ba ya ganin abin da ke faruwa a can, ba ya jin kukan kowa. Saboda haka ne duk ƙasar da ta san dogo ta raba aikinsa kashi-kashi, ta hana mutum guda ya haɗa su a hannunsa.

Rabon aiki a cikin jirgi

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan rabo. Ayarin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro a ƙarni na 19 yakan ɗauki ɗaruruwan mutane da dabbobi, ya yi wata da watanni a hanya, kuma ba da ka yake tafiya ba. Akwai madugu, wanda maganarsa ce ta ƙarshe a kan tashi da zango. Akwai jagaba, mai wucewa gaba ya duba hanya. Akwai uban dawaki, mai tattara kuɗin fito da za a biya masu ƙasa. Akwai malamin ayari mai riƙe rubutu, da mai ganga da ke isar da umarni daga goshin ayari zuwa ƙarshensa. Jagaba bai karɓar kuɗi, uban dawaki bai zaɓen hanya. Kakannin da ba su ga injin ba sun gane cewa mai riƙe da kuɗi in shi ke riƙe da hukunci, ayari ya shiga uku.

Jirgin fasinja mai dogon zango ayari ne a kan ƙarfe. Direba shi ne jagabansa: aikinsa ya kiyaye alamun hanya da iyakar gudun da aka yanka wa kowane yanki, ya huta iyakar awoyin da doka ta ce kafin ya sake kama aiki. A jiragen zamani akwai na'urar da dole ya riƙa taɓawa a kai a kai, in ya yi gyangyaɗi ko ya suma jirgin ya taka birki da kansa. Ba ruwansa da tikiti, ba ruwansa da wanda ya shiga ko ya fita.

Shugaban jirgi, wanda Faransawa ke kira chef de train, shi ne ya cancanci sunan madugu. Kafin a tashi, shi zai tabbatar an gwada birkin kowane tarago, domin birkin jirgi iska ce ke tafiyar da shi ta bututu guda daga kai har wutsiya, kuma tarago ɗaya da aka rufe wa famfo yana iya raunana na bayansa duka. Shi zai san yawan taragai da nauyinsu, ya ba direba a rubuce. Shi zai duba ƙofofi da fitilar wutsiya, shi zai ba da alamar tashi. Dole ya kasance yana da hanyar magana da direba a kowane lokaci, da ikon tsayar da jirgi. Abin da ya fi duka, dole doka ta ba shi ikon cewa jirgin nan ba ya tashi, ko da gwamna ne ke ciki, ba tare da ya ji tsoron rasa abincinsa ba.

Mai duba tikiti ana ɗaukarsa mai tsaron aljihun kamfani, alhali babban aikinsa ƙidayar rayuka ne: ya san mutum nawa ke cikin kowane tarago, domin ranar wuya a san mutum nawa ake nema. Mai kula da tarago shi ne fuskar jirgi ga fasinja. Ruwan sha da ban-ɗaki da fitila suna wuyansa, da tukunyar kashe gobara da akwatin agajin farko. Shi zai hana a shigo da kurfoti ko tulun gas ko galan na man fetur, shi zai taimaki makaho da mai ciki, shi zai ta da wanda barci ya kwashe kafin a wuce tasharsa. A ƙasar da mace ba za ta iya gaya wa baƙon namiji cewa naƙuda ta taso mata ba, jirgin da ba shi da ma'aikata mata ya yi watsi da rabin fasinjansa. Akwai kuma mai gyaran wuta da injin da ke tafiya tare da jirgi, da jami'an tsaro, waɗanda bindigarsu ba ta ba su ikon tsoma baki cikin tafiyar da jirgi ba. A ƙasa kuwa akwai shugaban tasha. A layi mai hanya guda, inda jirgi biyu ba su gilma wa juna sai a tasha, kuskurensa na minti ɗaya ya isa ya haɗa su goshi da goshi.

Gani ga wane

Mai ganin wannan lissafi yawan iyayi ne, sai ya dubi abin da ya faru ga waɗanda suka riga Nijar sanin dogo. A ranar 20 ga watan Fabrairu na 2002, jirgin da ya tashi daga Alƙahira zuwa kudancin Masar, maƙil da masu tafiya Babbar Salla, ya kama wuta kusa da garin Ayyat. Direba bai sani ba, ya ci gaba da gudu kilomitoci, iska tana hura wutar daga tarago zuwa tarago, tagogi kuwa da sandunan ƙarfe. Mutum fiye da 360 suka ƙone. Babu wanda ya iya isar da magana daga wutsiya zuwa kai. Da aka gurfanar da ƙananan ma'aikata 11, kotu ta sallame su, ta nuna cewa laifin yana can sama da su.

A ranar 21 ga watan Oktoba na 2016, hanyar mota tsakanin Yawunde da Duwala ta yanke, jama'a suka yi cincirindo a tashar jirgi. Kamfanin Camrail ya ƙara taragai 8 a kan jirgin ranar. Jirgin ya kife a Eseka, mutum 79 suka mutu bisa ƙidayar hukuma, ɗaruruwa suka ji rauni. Kwamitin binciken da gwamnatin Kamaru ta kafa ya lissafa gudun da ya wuce kima, da lodin da ya wuce ƙa'ida, da birki maras kyau, ya kuma ce direban ya nuna shakkarsa kafin a tashi amma na sama da shi ba su saurare shi ba. A 2018 kotu ta sami kamfanin da laifi. Wannan shi ne halin ɗan kamasho sak, a cikin riga da hular ofis: fasinja sun yi yawa, a ƙara, a matsa, Allah zai kiyaye.

Kusa da gida kuma, a ranar 28 ga watan Maris na 2022, ƴan bindiga suka dasa wa jirgin Abuja zuwa Kaduna nakiya, suka kashe mutane, suka kwashi fiye da 60 zuwa daji, waɗanda na ƙarshensu ba su fito ba sai a watan Oktoba. Ba ma'aikatan jirgi suka jawo harin ba. Amma washegari an rasa amsa guda ga tambaya mafi sauƙi: mutum nawa ke ciki? Rahotannin farko sun ce kusan 970, takardar hukuma ta ce 362. Iyalai suka yi kwana da kwanaki suna yawo tsakanin asibiti da tasha. A wannan layin dai, a watan Agusta na 2025, jirgi ya sauka daga dogo a Asham, kuma rahoton farko na hukumar binciken haɗurra ta Najeriya ya ambaci lalacewar na'urar sauya hanya da rashin sabunta horon ma'aikata.

Darasin da ke cikin waɗannan duka ɗaya ne. Sa ido ba ya nufin babba ya tsare ƙarami kawai. Hawa uku gare shi. Madugu ya sa wa ma'aikatan jirginsa ido, ya rubuta duk abin da ya faru cikin littafin tafiya. Sufeto ya riƙa shiga jirgi ba sanarwa, ya duba madugun kansa, kuma kada ya zama a ƙarƙashin ofishin da ke ƙidayar ribar tikiti. Sannan a sami hukumar bincike mai zaman kanta, wadda in abu ya faru za ta iya kiran babban darakta ta tambaye shi, ta kuma buga abin da ta gano kowa ya karanta. Inda aka rasa hawa na uku, kullum a kan mai share tarago ake sauke laifi.

Masu cewa a bari

Za a ce jirgin na Najeriya ne, ita ta ciwo bashi, ita za ta kawo ma'aikatanta, Nijar ta zuba ido ta sha daɗi. To, idan jirgi ya ƙetare iyaka ya shigo ƙasar Madarunfa, dokar wa ke kansa? In ma'aikaci ya mari fasinja a Ɗan Isa, gaban wane alƙali za a je? In ɗan duwan ya ce a tsaya, madugu ya ce lokaci ya yi, maganar wa za a bi? Tanzaniya da Zambiya sun kafa hukuma guda don layinsu tun shekarun 1970, Habasha da Jibuti sun kafa kamfani guda don nasu. Nijar da Najeriya suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mazauninta a Yamai. Ga wurin da ya kamata a zauna a rubuta waɗannan abubuwa. Rufe iyakar da aka yi daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, da ficewar Nijar daga CEDEAO a Janairu 2025, sun isa su nuna cewa zumunci, komai ƙarfinsa, ba ya maye gurbin yarjejeniya a rubuce.

Za a ce zamani ya wuce nan, na'ura ce za ta yi komai. A watan Janairu na 2021 aka fara sayar da tikitin Abuja zuwa Kaduna ta intanet don a karya masu ɓoye tikiti su sayar da tsada, amma ƙorafi bai ƙare ba, domin na'ura ba ta hana mai tsaron ƙofa ya kau da kai. A ƙasar Girka, cikin Turai, a ranar 28 ga Fabrairu na 2023, jirgin fasinja da na kaya suka yi karo a Tempi, mutum 57 suka mutu: na'urorin da aka yi alkawari ba su aiki, aka bar shugaban tashar da bai daɗe da kama aikin ba yana juya hanya da dare. Na'ura ma mai kula take so.

Za a ce abin da Allah ya rubuta ba makawa. Gaskiya ne, amma addinin da ya koyar da ƙaddara shi ya koyar da a ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali, shi ya kuma kira aikin da aka damƙa wa mutum amana. Wanda ya sa hannu a takardar gwajin birki bai gwada ba, ba shi da hurumin fakewa da ƙaddara.

Akwai kuma waɗanda ba za su ce komai ba, suna jiran ranar rabon aiki su kai sunan ɗan ƙane da ɗan ƴar'uwa. Waɗannan sun fi kowa haɗari. Daga 10 ga Oktoba 1947 zuwa 19 ga Maris 1948 ma'aikatan dogo na Afirka ta Yamma rainon Faransa suka yi yajin aiki, suka sha yunwa fiye da wata biyar, a kan buƙatar tsarin ma'aikata guda, wanda zai auna mutum da aikinsa ba da launin fatarsa ba. Labarin ne Sembène Ousmane ya gina littafinsa na 1960 a kansa, wanda malaman Faransanci suka daɗe suna karantarwa. Abin kunya ne a karantar da yara wannan gwagwarmaya da safe, da marece a yarda a cire launin fata a sa dangantaka a gurbinsa. Madugun da alfarma ta ba shi hula ba zai iya ce wa ubangidansa jirgi ba ya tashi ba.

Da wane harshe?

Nan ne maganar ta shigo ɗakin malamai kai tsaye. Ma'aikacin da ya fito daga Kano da Ingilishi aka horar da shi, na Maraɗi da Faransanci, fasinja kuwa Hausa yake ji. A lokacin lafiya wannan abin dariya ne. A lokacin gobara kuwa, kalmar da aka tsaya fassarawa rai ce. Harshe guda ne direban Kazaure da shugaban tashar Maraɗi da tsohuwar Tsibiri suka haɗu a kansa ba tare da tafinta ba. Kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa a Nijar. In wannan matsayi zai wuce takarda, ga wurin gwaji: littafin dokokin jirgi, da sanarwar da za a yi ta lasifika, da allon da ke bangon tarago, da kalmomin umarni tsakanin madugu da direba.

Wannan aiki ba na injiniya kaɗai ba ne. Dole kowace kalmar umarni ta zama guda, ma'anarta guda, daga Kano har Maraɗi, kada wani ya ce tsaya wani ya ce dakata ana nufin abu biyu. Nijar ta fara makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida tun 1973, ta tara malaman da suka ƙirƙiro kalmomin lissafi da na kimiyya da Hausa. Waɗanda suka iya wannan ba za su kasa samar da ƙamus na aikin dogo ba, in sun zauna da tsofaffin ma'aikatan reluwe na Kano da Zariya tun suna da rai, su ji sunayen da suka daɗe suna kiran abubuwan nan da su.

Abin da ya rage ga malamai da ƙungiyoyi

Ƙungiyoyin al'adu da na malamai a Agye da Gazawa da Gidan Runji ba su da ikon shimfiɗa dogo, amma suna da baki, suna da alƙalami, suna da rediyon karkara da dandalin wasan kwaikwayo. Su nemi hukumomin jiha su bayyana wa jama'a matsayin da aka kai kan tsarin tafiyar da jirgin a ɓangaren Nijar. Su nemi a ɗauki ma'aikata ta hanyar jarrabawa a fili, a kafe sakamako a allo, maza da mata. Su nemi Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa su buɗe fannin aikin dogo tun yanzu, a aika samari da ƴan mata su koyi aiki a layukan da ke tafiya. Su nemi kowane ma'aikaci ya ɗaura sunansa da lambarsa da muƙaminsa a ƙirji, a kuma ajiye hanyar kai ƙara da baki ga wanda bai iya rubutu ba, ƙarar da za ta je hannun sufeto ba tare da ta bi ta hannun wanda ake ƙara ba.

Su kuma koyar da fasinja, domin sa ido na ƙarshe nasa ne. Yaron da ya koya a aji cewa ba a tsallaka dogo da garke sai a mashiga, cewa ba a jan birkin gaggawa don hula ta faɗi, cewa mai duba tikiti ba shi da ikon karɓar kuɗi ba rasit, zai koma gida ya gaya wa uwarsa. Ƙungiyar da ta iya shirya wasa a kan auren wuri da allurar rigakafi za ta iya shirya wasa a kan madugun da ya ƙi tashi da jirgi maras birki, har ƙauye ya san cewa irin wannan mutum abin yabo ne, kada a ɗauke shi mai taurin kai da ya ɓata wa jama'a lokaci.

Ranar da za a buɗe tashar Maraɗi za a yi taro, manya za su yanke ƙyalle, makaɗa za su wasa su, kuma ba laifi. Bayan an watse, jirgi na biyu da na ɗari da na dubu za su tashi ba kowa a wurin sai ma'aikata da talakawa. Macen da ta baro Gazawa da asuba da jariri a baya, in zafi ya kama ɗanta a tsakiyar daji ta miƙe ta ce wa ke da jirgin nan, ya kamata a sami mutum guda da zai amsa mata da Hausa ya ce shi ne, kuma ya san abin da zai yi. Yau mutumin nan yana zaune a wani aji a Agye ko Cadawa ko Tsibiri, kuma har yanzu ba a gaya masa akwai irin wannan aiki ba.